Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tsuntsun da ya ja ruwa

A makon jiya na tsaya ne a ranar da Inna ta faɗa min gaskiya. Shekarata 16, na samo aikin hutu a wani kanti a Bronx, cikin birnin New York, suka ce in kawo lambar Social Security, wato lambar shaidar da ake nema kafin a ɗauke ka aiki a Amurka. Na dawo gida na tambaye ta, tana tsaka da yi wa wata mata kitso. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Ba ki da ita." Bizar ziyara ce aka shigo da ni da ita a 1998, ina da shekara shida, bizar kuma ta mutu tun ban fara fahimtar Turanci ba. Makaranta dai ba a hana ni ba, don tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta ce kowane yaro ya shiga aji, da takarda ko babu. Amma daga gama sakandare sai bango.

Wata malama ce ta fara kai ni taron matasa irina. Galibinsu 'yan Meziko da Ekwado ne, ni kaɗai ce mai hijabi. A nan na ji labarin ƙudurin DREAM Act, wanda Sanata Dick Durbin da Sanata Orrin Hatch suka gabatar tun 2001, don waɗanda aka kawo suna yara su samu hanyar zama bisa doka. Da Kawu ya ji ina zuwa, sai ya zo gida takanas bayan sallar isha'i. Bai ma kalle ni ba, da Baba ya yi magana.

"Ka ja mata kunne. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Kawu fa yana da katinsa na zama, cacar biza ya ci. Tasi yake ja, ba ya tsoron fitilar 'yan sanda. Mai irin wannan rufin asiri ne ke koya min yin shiru. Na ce, "Kawu, ai ruwan ya daɗe yana dukanmu." Baba ya harare ni, na ja bakina.

Ranar 18 ga Disamba 2010 muna cunkushe a wani ɗaki muna kallon majalisar dattawa a talabijin. Majalisar wakilai ta riga ta amince. Ƙuri'a 60 ake nema, aka samu 55. Yarinyar da ke gefena ta sa rigar yaye ɗalibai da hularta, haka ta zame ƙasa tana kuka, hular ta faɗo kan ƙafata. Na ɗauka na riƙe mata har muka kai tashar jirgin ƙasa, ba wadda ta ce uffan. Washegari Kawu ya bugo wa Baba waya, ina jin muryarsa daga kicin: "Ba na faɗa ba?"

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ba da labari. Wanke-wanke, rainon 'ya'yan mutane, taya Inna kitso. Hajiya ma a tsakanin nan ta rasu can gida, ta waya muka yi zaman makoki, don duk wanda ya fita ba zai dawo ba. Har yau ban ga kabarinta ba.

Sai 15 ga Yuni 2012 Obama ya sanar da shirin DACA. Ba katin zama ba ne, balle zama ɗan ƙasa. Alkawari ne na shekara biyu cewa ba za a kore ka ba, da izinin aiki, in ya ƙare ka sabunta. Sharaɗin sai an kawo ka kafin ka cika 16, kana ƙasar tun 15 ga Yuni 2007, kuma ka tabbatar da hakan da takarda. A nan Inna ta ba ni mamaki. Ta jawo wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado: katin allurar rigakafi, sakamakon jarrabawa na kowane zango, har da takardar likitan haƙori. Matar da ba ta karanta boko, ba ta taɓa yar da ko guda ba. Kuɗin, dala 465, daga adashinta ya fito. Kawu ya ce na kai kaina mahauta, na ba gwamnati adireshin iyayena da hoton yatsuna. Ya sake kawo tsuntsun nan nasa. A wannan karon, gaskiya, na kwana ban runtsa ba, don maganarsa ba ta rasa ƙamshin gaskiya.

Wata huɗu da samun katina, wa zan gani a ƙofa da dare? Kawu, da ɗan riƙonsa da aka kawo a 2005, riƙe da ambulan. "'Yata, ki duba masa takardun nan." Na cike masa tsaf, sisi ban karɓa ba. Ban tuna masa da tsuntsu ba, amma Allah ya sani kalmar tana kan harshena. Yau yaron ma'aikacin jinya ne, Kawu na yawo da hotonsa a waya.

Wadda ke ci min rai ita ce autar Gwaggo. Sai ka kai 15 ake karɓar takardarka, ita kuwa tana 14 lokacin da gwamnatin Trump ta rufe shirin a Satumbar 2017. Mun yi ta fita zanga-zanga, ni har ƙofar Kotun Ƙoli na tsaya cikin sanyin Nuwamban 2019. Kotu ta hana soke shirin a Yunin 2020, da alƙalai 5 a kan 4, ƙofa ta buɗu a ƙarshen shekarar, muka tura nata. A Yulin 2021 wani alƙali a Texas ya dakatar da sababbin masu nema. Takardarta ta maƙale a nan. Ni da ita unguwa ɗaya, makaranta ɗaya, bambancinmu ranar haihuwa.

Da zan tafi Washington a 2019 ɗin, Kawu ne ya kai ni tashar bas da asuba a tasinsa. Bai kunna mita ba. Da zan sauka ya miƙo min dala 20 ya ce in sayi safar hannu, sannan ya ƙara da cewa kada in bari a ɗauki fuskata a kyamara.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin yadda maganar aurena ta farko ta watse a kan wannan katin.