Yadda na bi sawun sunan Sofiya

Aikin binciko asalin sunan Sofiya ya faɗo kaina ne saboda ni ne malamin makaranta a gidanmu, kuma a irin gidajenmu duk wanda ya riƙe alli ana ɗauka babu abin da bai sani ba. Ƙanwata ta haihu, mijinta yana son a raɗa wa jaririyar wannan suna, manya kuwa suka ce ai Safiya ce aka lanƙwasa wa harshe don gayu. Kawunmu ya ce da ni, "Malam, ka duba mana kafin ranar suna, kada a raɗa wa yarinya abin da ba mu san ma'anarsa ba."

Abin da na fara tabbatarwa shi ne sunayen biyu ba su haɗa dangi ba, duk da kusancinsu a kunne. Safiyya sunan Larabci ne da ake rubutawa da harafin sadi, ya fito daga tushen da ke nufin tsarki da zaɓi, kuma mun gaje shi daga Ummul Muminina Safiyya 'yar Huyayyu da kuma Safiyya 'yar Abdulmuɗɗalibi, gwaggon Manzon Allah (SAW) kuma mahaifiyar Zubairu ɗan Awwam. Sofiya kuwa kalma ce ta Girkanci, ma'anarta hikima, kuma ita ce kashi na biyu na kalmar da Girkawa ke nufin "son hikima" da ita, wadda Larabawa suka ara suka mayar falsafa, mu kuma muka karɓa daga hannunsu. A nan na koyi cewa kamannin lafazi ba hujja ba ce a ilimin asalin sunaye, kuma tarkon ya kama manya: masani irin Albiruni ya danganta kalmar sufi da wannan kalma ta Girkanci, alhali mafi yawan malaman lugga sun tafi a kan cewa daga sufu take, wato tufar ulu da masu gudun duniya ke sawa.

Inda na fi daɗewa shi ne tambayar yadda kalma ta zama sunan mace, domin a nan ne bayanan da ake yaɗawa a intanet suka fi cakuɗewa. Hanyar ta bi ta cocin Gabas, wato cocin Kiristocin Girka da Rasha da maƙwabtansu. A al'adar Kiristocin wannan yanki akwai wata waliyyiya Sofiya da aka ce an kashe 'ya'yanta mata uku saboda addininsu a zamanin sarkin Rum Hadriyan, kuma girmama ta ya sa iyaye suka riƙa raɗa sunan. Sai dai mashahurin ginin nan na Istanbul, Aya Sofiya, ba don ita aka gina shi ba, ko da yake mutane da yawa haka suke zato. Sarki Justiniyan ne ya gina shi, aka kammala a shekarar 537, aka keɓe shi ga abin da suke kira Hikima Mai Tsarki, wadda a aƙidarsu siffa ce ta Ubangiji, ba wata mace ba. Sultan Muhammad Alfatih ya mayar da shi masallaci bayan ya ci birnin a 1453, gwamnatin Ataturk ta mayar da shi gidan tarihi a shekarun 1930, sannan aka dawo da salla a cikinsa a 2020. Babban birnin Bulgeriya ma, wato Sofiya, daga wata tsohuwar coci mai wannan suna ya samo nasa sunan.

Daga coci sunan ya shiga fada, kuma auratayyar gidajen sarauta ce ta kai shi nesa. Sofiya Palayologina, 'yar ɗan'uwan sarkin Rumawan Gabas na ƙarshe, ta auri Ivan na Uku na Mosko a 1472, kuma Rashawa ne suka samar da Sonya a matsayin sunan lele na Sofiya. A Ingila dokar gadon sarauta ta 1701 ta ayyana Sofiya ta Hanoba a matsayin magajiya, amma ta rasu a 1714 makonni kaɗan kafin sarautar ta faɗo, ɗanta George na Ɗaya ya hau.

Da na kai wa kawu wannan bayani, bai tsaya kan sarakunan Turai ba. Tambayarsa ɗaya ce, ko ma'anar tana da aibi, kuma tunda hikima abar nema ce, aka bar wa uban yarinya zaɓinsa. Tsofaffin gidan dai har yau Safiya suke kiranta, babu kuma mai gyara musu.

Batun farin jinin sunan na ci gaba da bi bayan an watse daga taron suna, kuma a nan ne na koyi tambayar wa ya ƙirga, kuma yaya ya ƙirga. Hukumar inshorar jama'a ta Amurka tana da jerin sunayen jarirai da ya faro daga 1880, kuma a cikinsa Sophia ce ta zo ta ɗaya ga 'ya'ya mata a 2011 da 2012 da 2013. A Italiya ma Sofia ta shafe shekaru tana kan gaba a alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙasar. Amma Amurkawa suna ƙirga Sophia daban, Sofia daban, Sophie daban, saboda haka matsayin da aka ba kowane rubutu ɗaya ya gaza nuna yawan yaran da ake kira da sunan a zahiri. A ganina duk wanda ya ce suna kaza ne ya fi yawa a duniya, ya kamata a fara tambayarsa ko ya haɗa rubuce-rubucen ko ya raba su, da kuma ƙasashe nawa ne suka shiga lissafinsa.

Wannan rarrabuwar rubutu ta fi shafar mu ta wata fuskar. Yarinya ɗaya takan zama Sofiya a takardar haihuwa, Safiya a rajistar makarantar firamare saboda malamin da ya rubuta abin da kunnensa ya saba ji, sannan Sophia a takardar jarrabawa, kuma ranar da za a yi mata katin ɗan ƙasa ko fasfo sai an nemi takardar rantsuwa daga kotu kafin a yarda mutum ɗaya ce. Shi ya sa yanzu idan aka tambaye ni game da suna irin wannan, bayan asali da ma'ana nakan ce iyaye su tsayar da rubutu guda tun daga takardar haihuwa, su kuma duba shi harafi bayan harafi a duk rajistar da za a sa yarinyar.