Na haɗa sola a gida, ga yadda muka kwashe da ita

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafin mai na san zamana da janareta ya kusa ƙarewa, don litar da muke saya ƙasa da naira 200 sai ga ta ta haye 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta taɓa dubu, kuma mai albashi ba zai iya ciyar da inji kullum don kawai yara su yi barci da fanka ba. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga wa 'yan Band A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, kuɗin wuta zuwa naira 225 kowane yunit. Amma abin da ya sa na daina jan ƙafa shi ne duhun nan na Oktoban 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace muka kwashe sama da mako babu ko ƙyas, cajin waya ma sai ka bi layi a shago, ƙanƙara kuwa sai mai hali.

Yaron da ya yi min aikin, da na ce masa nawa zai ishe ni, sai ya ce "Alhaji bar maganar kuɗi tukuna, gaya min me da me kuke kunnawa da daddare." Ya zaro biro muka zauna a zaure muna lissafi. Fankar sama tana cin wajen wat 75, guda uku in suka kwana suna juyawa awa goma sun sha wat-awa 2,250 ke nan (wato wat sau awa), ƙwan fitila na zamani bai wuce wat 10 ba shi ba ma abin damuwa ba ne, firji kuma da talabijin da cajin wayoyin gida kaf suka hau kai. Ashe fankar da muka raina ita ce babbar mai ci, shi ya sa kafin a sayi komai na canza biyu zuwa masu cin wat talatin ko ƙasa da haka, kuma wallahi wannan ɗan canjin ya rage min kuɗin batir sosai.

Batir kuwa nan ne kuɗin yake, nan ne kuma ake cutar mutane. Akwai mai ruwa da ake ce wa tubula, bolt 12 ne da amfiya 200, in ka ninka ya ba ka wat-awa 2,400 a takarda, amma rabi kawai aka yarda ka sha, in kana zuƙe shi har ƙasa kullum ba zai daɗe ba zai fara yi maka gardama, ga shi sai kana duba masa ruwa kana ƙarawa, kuma ba ruwan famfo ba. Guda huɗu ke nan za su ba ka 4,800 mai amfani. Shi kuwa litiyam na bolt 51.2 da amfiya 100 guda ɗaya tal yana riƙe 5,120, kuma kana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari bai ce uffan ba, ka ga kusan aikin waɗancan huɗun yake yi, a jikin bango ake rataye shi ba ruwanka da warin asid a ɗaki. Ya fi tsada a ranar saye kam, ba ƙarya, sai da na ɗage aikin na ƙara tari. Ni dai ra'ayina wanda zai iya haƙurin tarawa ya yi litiyam ɗin. Sai dai a buɗe ido, ana haɗa tsofaffin ƙwayoyin batir a zuba a sabon akwati mai sheƙi, don haka in farashi ya yi araha fiye da kima to akwai lauje cikin naɗi, ka nemi takardar garanti, ka kuma sa a haɗa shi da inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, a gabanka ka ga suna karanta juna.

Farantin sola guda shida na ɗora masu wat 550, suna kallon kudu an ɗan karkata su, don mu nan Kano rana ta fi jingina ta can musamman da sanyi. Wani abin da ya ba ni mamaki, na ɗauka a bazara da rana ke ƙona mutum za su fi ba da wuta, ashe haske suke so ba zafi ba, wancan 550 ɗin ma a zafin digiri 25 aka auna shi, in farantin ya ɗau zafi ƙarfinsa raguwa yake. Hunturu kuma ƙura ce matsalar, sai ka ga batirin da ke cika kafin azahar ya kai la'asar yana jan jiki, ka hau sama ka shafa yatsa a gilashin ka ga ya zana layi. Ruwa da tsumma mai laushi ne maganinsa, da sassafe ko da yamma, ba da tsakar rana gilashi na tafasa ba.

Rigimar da aka fi yi a gidan ta dutsen guga ce. Shi kaɗai yana jan wat dubu ko fiye, uwargida kuma ta saba guga da daddare in yara sun kwanta, ranar farko inbata ta dinga ƙara kamar za ta tashi unguwa. Yanzu doka ce, guga da injin jan ruwa da injin wanki duk tsakanin sha ɗaya na safe zuwa uku, lokacin da wuta ke zubowa kai tsaye daga sama batir ma ya kusa cika, firji kuma ya sha sanyinsa da rana yadda da dare ba zai dinga tashi ba. Hitar ruwa kam an mayar da ita kan gas, ba a ma tattauna ba.

Abu biyu da masu aiki ke son tsallakewa don su rage maka kuɗi ka ji daɗi: kaurin waya da kariyar tsawa. Siririyar waya tsakanin batir da inbata zafi take ɗauka, gobara ce ke jiran rana, kuma ba wanda ya san damina a garin nan da zai bar faranti a saman kwano ba a binne ƙarfe a ƙasa an haɗa ba. Na biya na duka biyun ina ƙunƙuni.

Yanzu maganar AC ce ta taso, tun da Afrilu ya ƙarato uwargida take ta zagayo da ita. Mun sake zama da yaron mun buga lissafi, ko mai cin wuta kaɗan ɗin nan ne in zai kwana sai an ƙara batir ɗaya da faranti aƙalla biyu, kayan kuma dala suke bi. Na ce mata a bari mu ga yadda canji zai kaya bayan sallah.