Daren da huhun wani ya koma tafin hannuna

Har yau idan na tuna daren nan sai in ji tsintsiyar hannuna tana zogi. Lokacin ban fi wata takwas da fara aikin jinya ba. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka shigo da wani magidanci a bayan a-kori-kura, ya wuni yana feshin maganin ƙwari a gonar wake, ko ƙyalle bai ɗaura a hanci ba. Yawu na dalala, gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar bakin allura. Irin wannan guba takan cika ƙirji da majina, sannan ta kashe ƙarfin naman da ke jawo numfashi.

Likita ya yi masa allurai, ya zura masa bututu ta maƙogwaro. Na'urar numfashi guda ɗaya gare mu, kuma akwai wani a kanta. Sai ya miƙo mini jakar robar nan da muke kira Ambu, wadda ake matsawa da hannu ta tura iska cikin huhu, ya ce in matsa.

Na kama da hannu biyu ina ta matsawa da sauri, gani nake yawan iskar shi ne yawan taimakon. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Sista, ba zuga-zugi ne a hannunki ba. Hannu ɗaya, rabin jaka, ki ƙirga shida kafin ki sake." Na ji kunya ƙwarai, don ƙanin mutumin yana tsaye a bakin ƙofa yana jin mu.

Jakar manya tana ɗaukar iska wajen lita ɗaya da rabi, alhali babban mutum a zaune rabin lita kawai yake shaƙa a numfashi guda, sau 12 zuwa 20 a minti. Ashe ina neman ɗura wa bawan Allah ninki biyu ko uku na abin da ƙirjinsa ya saba.

Daga baya na bi diddigin jakar, sai ta kai ni ƙasar Denmak, inda aka ƙera ta a 1956. Shekara huɗu kafin nan, a 1952, annobar shan-inna ta afka wa birnin Kopenhagen. Mu nan da ƙafa muka fi sanin shan-inna, amma tana kama naman numfashi ma. A asibitin Blegdam, cikin mutum 31 na farko da cutar ta taɓa musu numfashi, 27 suka rasu. Wani likitan sa barci, Bjørn Ibsen, ya lura cewa gurɓatacciyar iskar da ya kamata su fitar ce ke taruwa a jininsu har ta kashe su. Ya ba da shawarar a huda maƙogwaro, a sa bututu, a riƙa tura iska da hannu. A kan wata yarinya 'yar shekara 12 aka fara gwadawa, ta kuma rayu.

Matsalar ita ce wa zai matsa? Sai aka kwaso ɗaliban likitanci da na haƙori, kimanin 1,500, suna karɓa-karɓa dare da rana, makonni a jere. Mace-macen da suka kusan kai kashi 90 cikin ɗari suka sauko ƙasa da rabi. Nakan yi tunanin yaron da aka ba aikin dare, ɗan shekara ashirin, ga barci na fizgarsa, ga ran ɗan wani a hannunsa. Ni dai na san abin da ya ji.

Maganar da likitanmu ya faɗa mini kuwa, su kansu likitoci sun daɗe kafin su yarda da ita. Shekaru da dama ana saita na'ura ta cika huhu fam, don awon oksijin yakan yi kyau a haka. Sai a shekarar 2000 aka fitar da sakamakon wani bincike a Amurka kan mutum 861 da huhunsu ya kumbura ya cika da ruwa. An ba wani rukuni mililita 12 na iska a kowane kilo na nauyin jiki, ɗaya rukunin mililita 6. Cikin masu samun iska da yawa kusan kashi 40 suka mutu, cikin masu samun kaɗan kashi 31. Huhun da ya ji ciwo, ɗan sashen da ya rage lafiya shi ke karɓar duk iskar, idan aka matsa masa shi ma ya yage. Kilon ma ba na sikeli ake nufi ba, daga tsawon mutum ake lissafa shi, don tumbi ba ya ƙara girman huhu.

Mu uku muka yi ta karɓa-karɓa a daren nan, ni da abokiyar aikina da wani ɗalibi. Ana kiran assalatu jakar tana hannuna, na kai huɗu a ƙirga sai na ji ta motsa da kanta, ta ɗan lotsa tun ban matsa ba. Na ɗauka gajiya ce. Ta sake yi. Na ce, "Likita, zo ka gani, yana ja."

Da gari ya waye ƙaninsa ya kawo mana shayi da burodi yana ta sa albarka. Kofin ma kasa riƙe shi na yi, sai da na tallafe da hannu biyu.