Ni da Oom a Jirgin Tsibirin Robben

Taron aiki ne na kwana uku ya kai ni birnin Cape Town na Afirka ta Kudu a watan Nuwamba, na ƙara kwana biyu daga aljihuna don in ga gari. Tun a hanyar filin jirgin sama garin ya fara nuna mini kansa. A gefen babban titin N2 rumfunan kwano da katako ne manne da juna iya ganinka, wayoyin lantarki sun sarƙe a samansu. Direba yana nuna mini da leɓe, nan Gugulethu, can gaba Langa. Ba mu yi minti ashirin ba sai ga mu a gindin dutsen Table, inda gidaje ke ɓoye cikin itatuwa a bayan dogayen katangu. An yi zaɓen da kowa ya jefa ƙuri'a tun 1994, amma har yau idan ka ga unguwa za ka iya faɗin launin fatar yawancin masu kwana a cikinta. Da wannan ɓacin ran na shiga garin.

Ranar Juma'a na hau unguwar Bo-Kaap, mai gidaje shuɗi da kore da ruwan hoda, na yi salla a masallacin Auwal da ke titin Dorp. An kafa shi a 1794, kuma shi ne masallaci na farko a ƙasar. Musulmin nan yawancinsu jikokin bayi ne da fursunonin siyasa da Turawan Holan suka kwaso daga tsibiran Indonesiya da gaɓar Indiya da gabashin Afirka. Limaminsu na farko, wanda suke kira Tuan Guru, ɗan sarauta ne daga Tidore. An kawo shi a 1780 aka tsare shi a tsibirin Robben, kuma a tsaren nan ya rubuta Alƙur'ani da ka. Kwafin da ya rubuta da hannunsa yana nan a masallacin cikin gilashi. Na daɗe tsaye a kansa ina bin layukan da ido, ina tuna alarammomin da na sani masu satu ba tare da duba takarda ba.

Bayan an sallame wani dattijo ya riƙe hannuna, ya tambayi daga inda na fito. Na ji matasa suna ce masa Boeta, wato yaya, ni ma na bi sahunsu. Shi ya shaida mini cewa harshen Afrikaans, wanda ni na ɗauka na masu wariyar launin fata ne kawai, kakanninsa sun rubuta shi da haruffan Larabci a makarantun allonsu tun ƙarni na 19, kamar dai ajaminmu. Shi ne kuma ya ba ni labarin Imam Abdullah Haron.

Limami ne a masallacin titin Stegman da ke Claremont. Yana shiga unguwannin baƙar fata irin su Langa a lokacin da ba kowane malami ke yin haka ba, yana taimakon iyalan waɗanda aka kulle. 'Yan sandan ciki suka kama shi ranar 28 ga Mayu 1969, ya yi kwana 123 a hannunsu ba a kai shi kotu ba, ranar 27 ga Satumba ya rasu. Suka ce daga matakalar bene ya faɗo. Sai a 2022 kotu ta sake buɗe binciken, a 2023 ta tabbatar da cewa azabtarwa ce ta kashe shi. Boeta ya ɗaga hannu ya nuna mini tudun Signal Hill da ke saman unguwar. Ya ce a 1971 wani limamin cocin Angilika, farar fata, mai suna Bernie Wrankmore, ya hau can ya zauna a hubbaren wani waliyyin Musulmi, ya ƙi cin abinci kwana 67 yana neman gwamnati ta binciki mutuwar Imam. Gwamnati ba ta saurare shi ba. "Kuma fa bai musulunta ba," in ji Boeta, "da addininsa ya hau, da addininsa ya sauko."

Washegari da sassafe na je tashar jirgin ruwa da ke Waterfront don zuwa tsibirin Robben. Iska tana kaɗawa sosai, teku ya yi tozo-tozo. Kujerar da na samu tana kusa da wani tsoho farar fata, mai faɗin kafaɗa da hannaye irin na wanda ya sha aikin gona, shi kaɗai ba ɗan rakiya. Ba zan ɓoye ba, da na ji yadda yake magana na gane Ba'afirkane ne, wato Bature mai harshen Afrikaans, nan take na gama yanke masa hukunci a raina. Na juya fuskata wajen taga. Da jirgi ya fara tangaɗi cikina ya juya, sai na ga hannu ya miƙo mini alawar na'ana'a. Ya ce in kafa idona a kan dutsen can kada in kalli ruwa. Na yi hakan, na kuwa sami sauƙi.

Na tambaye shi da wane suna zan kira shi. Ya ce duk wanda ya girme ka a wajensu Oom ne, wato kawu. Shekarunsa 74, an haife shi ba nisa da birnin, amma bai taɓa taka tsibirin ba sai yau. Matarsa ta yi ta roƙonsa su je, yana cewa wata rana, har ta rasu bara.

A tsibirin aka zuba mu a bas. Muka wuce maƙabartar kutare, muka tsaya a ɗan gidan da aka killace Robert Sobukwe, ɗaya daga cikin jagororin yaƙi da wariya, shi kaɗai daga 1963 zuwa 1969, aka hana shi magana da kowa. Muka ga ramin farar ƙasa inda fursunoni suka yi shekaru suna fasa dutse, hasken da ke tashi daga ciki ya lalata wa Mandela ido. Dab da katangar kurkukun akwai hubbaren Sayyid Abdurrahman Moturu mai koriyar ƙubba, wanda ya rasu a tsare a nan a 1754. Wanda ya zagaya da mu cikin kurkukun shi ma ya taɓa zama a ciki. Ya nuna mana takardar rabon abinci, inda aka rubuta kason Indiyawa da masu ruwa biyu daban, na baƙar fata daban, kuma na baƙar fata ya fi ƙanƙanta. A shekarun farko gajeren wando ake ba baƙar fata ko da sanyi, don a nuna musu su yara ne. Ɗakin da Mandela ya zauna, cikin shekara 18 da ya yi a tsibirin, ɗan tsugul ne, da tabarma da bargo da bokiti. Kowa yana ɗaukar hoto. Oom ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, bai ce uffan ba.

A hanyar dawowa ne muka yi maganar da ta sa nake wannan rubutu. Shi ya fara. Ya ce ya yi aikin soja na dole yana saurayi, ya zaɓi jam'iyyar National, wadda ta shimfiɗa mulkin wariya, shekara da shekaru, kuma duk Lahadi yana cocin Dutch Reformed, inda aka koya musu cewa Allah ne ya raba al'ummu tun daga hasumiyar Babila, don haka raba su a ƙasa biyayya ce. Ya ce bai taɓa dukan kowa ba. Na ce, "Oom, ka san abin da ake yi a nan?" Ya daɗe kafin ya amsa. Ya ce, "Na san isasshen da zai sa in yi tambaya, ban yi ba."

Daga nan muka saɓa. Shi a ganinsa an rufe wannan babi. Ya jefa ƙuri'ar amincewa a raba gardamar Turawa ta 1992 kan kawo ƙarshen wariya, cocinsu ta amsa laifinta, Desmond Tutu ya jagoranci hukumar gaskiya da sulhu daga 1996, an yi kuka an yafe. Me ya sa jikansa, da aka haifa bayan duk wannan, zai nemi aiki a ce masa a bari sai wasu sun samu? Na ji ciwon da ke muryarsa, kuma ban raina shi ba, domin kaka ne yake maganar jikansa. Amma na gaya masa abin da na gani a hanyar filin jirgi. Na tuna masa dokar filaye ta 1913 da ta bar wa baƙar fata kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar kakanninsu, aka ɗaga zuwa kashi 13 a 1936. Na tuna masa unguwar District Six da aka ayyana ta Turawa a 1966, aka rushe, aka kwashe mutum fiye da 60,000 aka watsa a fili mai yashi. Na ce a addinina tuba tana da sharuɗɗa, kuma idan laifin ya shafi haƙƙin ɗan Adam, nadama kaɗai ba ta isa sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa.

Na zaci zai yi fushi. Sai ya ce a littafinsu ma akwai Zakka mai karɓar haraji, wanda da ya tuba ya ce zai ba talakawa rabin dukiyarsa, duk wanda ya cuta kuma zai biya shi ninki huɗu. Ya ce ya san wannan tun yana yaro. Amma wa zai biya, kuma wa za a ba, idan 'yan siyasa ne za su tsaya a tsakani su cinye? Na ce satar 'yan siyasa ba ta goge bashi. Ya ce haka ne, amma ba ta biya shi kuma. Nan muka tsaya, ni ban janye ba, shi ma bai janye ba.

Sai ya juyo da tambayar kaina, cikin ladabi. Ya ce yana jin labarin ƙasata, ana ƙona coci ana ƙona masallaci, alhali duk launi ɗaya ne. Ya ce Larabawa Musulmi ma sun yi cinikin bayi a gabashin Afirka ɗaruruwan shekaru, shin mu mun taɓa zama muka amsa wannan laifi a bainar jama'a kamar yadda aka sa su suka yi? Bakina ya yi nauyi. Ina da ayar da zan karanta masa, wadda ta ce an sanya mu dangogi da ƙabilu don mu san juna, mafi daraja shi ne mafi taƙawa. Ina da huɗubar ban kwana, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce fari ba shi da fifiko a kan baƙi sai da tsoron Allah. Na karanta masa su, domin gaskiya ne kuma ina alfahari da su. Amma na ƙara da cewa na san gidajen da har yau ake hana aure saboda an ce kakan yaro bawa ne, kuma masu hanawar suna sahun gaba a masallaci. Nassinmu ya wanke addininmu, bai wanke halinmu ba. Faɗin wannan a gaban baƙo ya yi mini ɗaci, sai dai shi bai ɓoye mini nasa ba, ban ga dalilin da zan ɓoye masa nawa ba.

Kan Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba mu yi ko kusa da haɗuwa ba. Oom ya ce babu ceto sai ta wurinsa, kuma zai zama maƙaryaci idan ya ce mini duk hanya ɗaya ce don ya faranta mini. Na ce ni ma ba zan ce masa haka ba. Annabi Isa manzo ne mai girma, ɗan Maryam tsarkakakkiya, Allah kuwa bai haifa ba ba a haife shi ba. Ya saurara har na gama bai katse ni ba, kamar yadda na yi masa. Na taɓa zama a tarurrukan da ake kira na fahimtar juna, inda kowa ke rage addininsa har ya zama ba ya cewa komai, a tashi ana tafi ba wanda ya san abin da ke zuciyar ɗan'uwansa. Hirar da muka yi a jirgin nan ta fi mini su nesa ba kusa ba.

Da muka doshi gaɓa, tudun Signal Hill ya fito sarai a damanmu. Na tambaye shi ko ya taɓa jin labarin Wrankmore. Ya ce ƙwarai kuwa, yana da shekara 21 a lokacin, ya karanta a jarida. Ya ce a gidansu sun ɗauke shi mahaukaci ne da 'yan gurguzu suka yaudara, har dariya suka yi masa a kan teburin abinci. Ya ɗaga kai yana kallon tudun har jirgi ya tsaya.

A bakin tasha ya ce zai riƙa yi mini addu'a in san Almasihu. Na ce ni ma zan roƙa masa shiriya a sujadata. Ya riƙe hannuna da hannayensa biyu, masu kaushi kamar ɓawon itace. Ban karɓi lambarsa ba, shi ma bai nemi tawa ba.

La'asar ta kusa, na tari mota zuwa Signal Hill. Hubbaren ɗan ƙaramin gini ne mai ƙubba a gefen hanya, ba kowa a ciki sai ƙamshin turare. Na cire takalmi na yi wa mamacin sallama, na yi wa Imam Haron addu'a. Na fito na shimfiɗa rigar sanyina a kan tsakuwa na ta da salla, iska tana neman ɗauke mini hula. Da na sallame na hango tsibirin can tsakiyar ruwa, da jirgin yamma yana dawowa da wasu mutanen.