Na kusa sauke giyabos saboda abin da bai fi babban yatsa ba

Ranar wata Alhamis na ɗauko buhun riɗi huɗu daga ƙauyenmu na wajen Gumel zan kai kasuwar Maigatari, sai Corolla ɗina ƙirar 2001 ta ƙi tashi yadda ta saba. In taka totur, inji ya yi ta gurnani, ita kuwa tana jan ƙafa kamar jakin da aka cika wa mangala. Sai ta ɗan miƙa hanya sannan ta saki jiki. Ga 'yar fitilar gargaɗin inji ta kama a gaban sitiyari.

Bakaniken da na fara kai wa ko buɗe bonet bai yi ba. Ya ce, "Alhaji, giyabos ta tafi, sai dai a sauke a ɗora 'yar Beljiyom." Kuɗin da ya ambata ya cinye ribar riɗin kakar gaba ɗaya.

Allah ya taimake ni ɗan yayana da ke koyon rewaya a Kano ya zo gida. Ya soka wata 'yar na'ura a soket ɗin ƙarƙashin sitiyari, lamba ta fito a wayarsa: P0753. Ya ce, "Baffa, kada ka bari a sauke komai. Wuta ce ba ta ratsa solonoyid na farko."

A nan na fahimci abin. Solonoyid ɗan bawul ne mai naɗin waya a ciki. Kwamfutar mota ta ba shi wuta, ya buɗe ko ya rufe hanyar mai, matsin man ne ke canza giya. A irin giyabos ɗina guda 2 ne ke wannan aikin. Na farko kaɗai ya samu wuta, giya ta ɗaya ke nan. Duka biyun, ta biyu. Na biyu kaɗai, ta uku. Babu ko ɗaya, ta huɗu. In na farkon ya mutu sai kwamfuta ta jefa motar a ta uku don dai ka lallaba gida. Ashe da giya ta uku nake ta tayar da mota da lodi! Yaron ya sa na ja hannun giya zuwa L, sai ga ta ta zabura da ƙarfinta. Kulocin ciki lafiyarsu lau.

Wayoyi muka fara bi, don inda nake ajiye motar kusa da rumbu ne, ɓera kuwa ba ya raina waya. Ba su da tabo. Sannan muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, muka tsiyaye man giyabos, muka kwance kwanon ƙasanta. Man da ya kamata ya zama ja ya koma kamar shayi ba madara, maganaɗisun cikin kwanon sun yi gemu da dusar ƙarfe. Laifina ne, tun da na sayi motar ban taɓa canza shi ba. Muka ɗora wa solonoyid ɗin biyu mitar awon wuta: mai lafiya yana ba da om (ma'aunin turjiyar wuta) 11 zuwa 15, na biyun ya ba da 13, na farkon ko motsi.

Sai gaggawa ta ja mini. Na je Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota a Kano, na sayo solonoyid na kwance ban gwada ba, na dawo muka taɓa masa batir, shiru. Da safe na sake kama hanyar Kano, wannan karon da mita a aljihu. A gaban mai shagon na auna, na jona wa batir, sai da na ji ya ce ƙyas sannan na zaro kuɗi.

Ɗaurawar ba ta kai awa ba, amma mun lulluɓe wajen da tsohon zane saboda ƙurar hunturu, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale bawul. Muka sa sabuwar matata da gaskit, muka zuba man giyabos Dexron III wajen lita 3. Notocin kwanon ƙanana ne, na matse ɗaya da ƙarfin manomi, yaron ya riƙe mini hannu: "A hankali Baffa, zai tsinke." Sai da motar ta yi zafi, inji na aiki, giya a P, sannan muka zaro sanda muka duba mai. Yaron ya goge lambar da na'urarsa.

Muka hau titin Maigatari ina ƙirgawa a zuci, ɗaya, biyu, uku, huɗu, kowace ta shiga a kan lokacinta. Mataccen solonoyid ɗin yana nan cikin aljihun ƙofar direba.