Wasiƙa daga Kiel, garin jakunan dawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gajiya, ya iyali, ya haƙuri da mu. Wanda ban ambata ba ya yafe ni, don magana ce a bakina.

Duk wanda ya kira ni daga gida, da ya gama tambayar lafiya sai ya ce, "To kai a Jamus ɗin Bayern kake yi ko Dortmund?" Na amsa har na gaji, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. A garin da nake, Kiel, can arewacin Jamus a bakin tekun Baltik, ƙwallon hannu ne sarki. Ba kwando ba, ba kuma ƙwallon raga ba. Wanda mutum bakwai-bakwai ke yi, a jefa ƙwallo raga da hannu, minti 30 a tafi hutu a dawo a ƙara 30. Masu tambayar takardun zama da kuɗin haya su ma zan taɓa nasu.

Sai na fara da sanyi, don in ba ku san shi ba ba za ku gane wasan ba. A watan Disamba rana ba ta leƙowa sai wajen takwas da rabi, kafin ƙarfe huɗu na yamma ta faɗi. La'asar da magariba kamar a tare ake kiransu. Sanyin ma da sauƙi, iskar teku ce matsalar. Ka saka riga uku da jibgegiyar kwat, ta bi ta wuya ta same ka. Ga yayyafi da ba ya tsayawa ba ya kuma zama ruwan kirki, lema kuwa iska ta juya min biyu kafin na haƙura da saye. Hunturuna na farko kunnuwana sun yi ciwon da har na ɗauka wata cuta ce, ashe hular da ke rufe kunne kawai nake buƙata. Duk wanda zai zo, ya bar cika jaka da shadda, ya tanadi kuɗin takalmi mai kauri.

To a da, a irin wannan yanayin ake buga ƙwallon hannu a fili, mutum sha ɗaya-sha ɗaya kamar ƙwallon ƙafa. Ƙungiyar garin, THW Kiel, an kafa ta ne a 1904 a matsayin ƙungiyar motsa jiki ta unguwannin Hassee da Winterbek, ƙwallon hannu ya shigo cikinta a 1923. Ta ci kofin Jamus na fili a 1948 da 1950. Daga baya wasan ya koma cikin ɗaki, kuma wanda ya taɓa tsayuwa a iskar nan ba zai tambayi dalili ba. Zauren da suke wasa, wanda tsofaffi har yau suke kira Ostseehalle ko da yake sunan ya sha canzawa, an buɗe shi a 1951, da ƙarafunan wata rumfar ajiye jiragen sama da aka kwaso daga tsibirin Sylt. Yanzu yana ɗaukar mutum 10,285. Rigarsu fari da baƙi ce, shi ya sa ake ce musu jakunan dawa.

Na shiga zauren ne albarkacin wani dattijo maƙwabcina. Yana da tikitin shekara guda biyu, ranar matarsa ba ta jin daɗi sai ya ƙwanƙwasa min ƙofa. A nan na gane kusan duk kujerun masu tikitin shekara ne, suna sabuntawa duk kaka, wasu ma daga iyayensu suka gada. Ya gaisa da na gabansa da na bayansa da sunayensu, ya tambayi wata tsohuwa ƙafarta. Ni kuwa abin da ya ɗauke min hankali ƙarar takalma a daɓe, da ɗanƙon da 'yan wasa ke shafa wa yatsu har ƙwallon ta yi baƙi-baƙi, da mai tsaron gida da ke tare harbi da ƙirji da cinya ba tare da safar hannu ba. Ka juya ka yi magana, an ci biyu.

Dattijon ne ya fara ba ni lissafi a lokacin hutu. Sun ci kofin cikin ɗaki a 1957 da 1962 da 1963, sai shiru har 1994. Shekara talatin da ɗaya. Na tambaye shi ko bai taɓa tunanin sakin tikitin ba a lokacin, ya dube ni kamar na yi saɓo.

A 1993 aka kawo koci Noka Serdarušić, ya zauna har 2008. Alfred Gislason ɗan Ayislan ya karɓa har 2019, sai Filip Jicha, wanda tsohon ɗan wasansu ne. Ku lissafa da kanku: daga 1993 zuwa kofin Jamus na cikin ɗaki na 2023, wanda shi ne na 23 da suka ci, koci uku kacal. A hannunsu aka ɗauko kofin zakarun Turai sau huɗu, 2007 da 2010 da 2012 da 2020. Na 2007 ya fi yi musu daɗi, don maƙwabtansu kuma abokan gabarsu Flensburg suka doke a wasan ƙarshe. A kakar 2012 wasa 34 suka buga a gasar Jamus, suka cinye duka, ko kunnen doki babu. Manyan 'yan wasa irin su Magnus Wislander ɗan Suwidin da Nikola Karabatić ɗan Faransa sun saka rigar nan sun wuce, kujerun ba su rasa mutane ba.

Ina zaune a wurin sai na tuna yadda muke. An ci mu wasa biyu a jere, mun fara kiran a kori koci, in an ci na uku mun koma goyon bayan wata ƙungiyar ƙetare a gidan kallo. Ban ce mu gina zaure mai cin mutum dubu goma ba. Filin wasan nan mita 40 ne a tsawo, 20 a faɗi, makarantu da yawa suna da wurin da ya fi haka, kuma a nan yara tun suna firamare ake kai su ƙananan ƙungiyoyin unguwa, iyaye na zaune a benci suna jira.

Maganar takardu kuwa, a nemi ranar ganawa da ofishin da ke ba da takardun zama da wuri, a kuma adana kowace wasiƙa da ta zo ta akwatin gidan waya, ko da ba a gane ta ba. Haya sai wani jiƙon. Matar maƙwabcina ta warke, don haka wasan Lahadi a talabijin zan kalla.

Naku,
ɗan uwanku a Kiel