Mutumin da ya kwanta yana jiran makasansa

Sana'ata ɗaukar hoto, shagona yana Sabon Gari, kuma shekara goma sha huɗu ke nan roƙon masu zuwa wurina ɗaya ne: "Malam, a haska ni sosai." Amarya ba ta yarda ko inuwar hancinta ta fito. Shi ya sa da ɗan ƙanwata mai karatu a Samaru ya zuba mini wani tsohon fim marar kala a filas, ya ce, "Kawu, wannan naka ne, masu shi da duhu suke zane," dariya kawai na yi. Ban taɓa shi ba sai daren da muka dawo daga sadakar bakwai ta Baffa a Tudun Wada. An ɗauke wuta, barci ya ƙi zuwa, na kunna kwamfuta.

Sunan fim ɗin The Killers, wato makasa, na 1946. Tushensa gajeren labari ne da Ernest Hemingway ya buga a 1927. Wasu mutum biyu sun shiga wani ɗan gidan abinci suna jiran wani tsohon ɗan dambe su kashe shi. Wani saurayi ya ruga ya gaya masa, ya same shi kwance a gado da kayan jikinsa. Bai tashi ba, bai ce a kira 'yan sanda ba. Labarin ya ƙare ba a faɗi me ya yi ba, ba a ma nuna kisan ba. Haka Hemingway da sa'o'insa na sabon salon rubutu suke yi, irin na gyaɗa: ganye a sama, abin ci a ƙasa, kai za ka tona.

Mintuna goma da 'yan kai na farkon fim ɗin wannan labarin ne kusan kalma da kalma, kuma sau uku na maimaita su. Burt Lancaster, wanda ya fito a ɗan damben kuma wannan ne fim ɗinsa na farko, yana kwance, ana ganin ƙirjinsa da hannuwansa, amma kansa yana cikin duhu kamar an yanke shi. Da ni ne na ɗauki hoton nan, da an dawo mini da shi an nemi kuɗi. Da makasan suka buɗe ƙofa, walƙiyar bindigoginsu ce ke haska fuskokinsu, shi kuwa sai hannunsa da ya sulale daga ƙarfen gado. Daraktan, Robert Siodmak, a Jamus ya koyi sana'a, ya bar ƙasar a 1933 da 'yan Nazi suka hau mulki, ya zauna a Faransa, daga baya ya tafi Amurka da dabarar Jamusawa ta fitila ɗaya daga gefe da dogayen inuwowi. A 1946 ɗin ne wani mai sharhi a Faransa, Nino Frank, ya kira irin waɗannan finafinai film noir, wato baƙin fim, sunan kuma ya bi su.

Sauran fim ɗin duk ƙari ne, don sai an cika awa ɗaya da rabi da ɗoriya. Wani ma'aikacin kamfanin inshora ya ga mamacin ya bar wa wata mai gyaran ɗakin otal dala 2,500, ya shiga bin sawu. Ɗan sanda abokin yarintarsa ya ba da nasa guntun, wani tsoho da suka yi zaman kurkuku tare ya ba da nasa, wani ɓarawo yana sambatu a gadon asibiti ya ba da nasa. Ba a jere suke zuwa ba, kuma ba wanda ya riƙe labarin duka. Fashin wani kamfanin huluna da aka yi da mamacin ma daga jarida ake karanto shi, kyamara tana bi daga sama ba tare da an yanke ko sau ɗaya ba.

Nan ne jikina ya yi sanyi, don kwana bakwai na yi a kan tabarma ina jin irin haka. Wani ya ce Baffa ne ya biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta a ɓoye. Wani tsohon abokin aikinsa ya ce, yana murmushi, ba a taɓa yin mai zafin rai kamarsa ba. Wani da ba mu sani ba ya zo daga Funtuwa, ya yi addu'a, ya share hawaye, ya tafi bai ce komai ba. Kowa da nasa Baffan, shi kuwa ba ya nan balle ya gyara.

Abin da ban so ba shi ne yadda aka ɗora kayan duka a kan mace. Ava Gardner ta fito a Kitty Collins, kyakkyawa mai yaudara, shi ke nan an samu dalili. Uwargida, wadda ta farka a tsakiya ta kalla ta gefen ido, cewa ta yi, "Ai dama. Namiji ya yi fashi da ƙafafunsa, a ce mace ce." Ban iya musu ba. Shirun Hemingway ya fi wannan amsar nauyi. Inda muka saɓa shi ne da ta ce mutumin ya miƙa wuya ga ƙaddara ne. Ni ban ga tawakkali a kwanciyar nan ba. Mai tawakkali yana ɗaure raƙuminsa tukuna, wannan kuwa ya yanke ƙauna tun kafin a hau bene.

Washegari wani dattijo ya zo ɗaukar hoton fasfo. Fuskarsa duk layi, irin wadda inuwa za ta yi wa kyau. Na kashe fitilar hagu, rabin fuskar ya nutse, na tsaya ina kallo ta kyamara. Ya gyara hula ya ce, "Yaro, fitilarka ta mutu ne?" Na ce a'a, Baba, na mayar da ita.